Na Kai Kalangun Gidanmu Landan

Jirgin ƙasan da ya kamata ya tashi daga Manchesta ƙarfe bakwai da kwata bai motsa ba sai da takwas ta gota. Landan na nufa, wurin taron baje kolin hedifon. Ina zaune jikin taga, jaka a kan cinya, na rungume ta kamar mai tsaron jariri. Babu komai a cikinta sai tsohuwar hedifon ɗina Sennheiser HD 600 da na naɗe a tawul, da wata 'yar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, da ba ta fi kwalin ashana ba, da dardumar tafiya. Da zan fito uwargida ta bi ni har bakin ƙofa, ta ce, "Yanzu fisabilillahi Malam, Landan za ka tafi takanas don ka sa abu a kunne ka cire?" Na ce mata ai ba abu ɗaya ba ne, sun fi ɗari. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa wanda aka riga aka sallama.

Wannan ciwo na kamu da shi ne a Kaduna, inda na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin sarrafa sauti na wani gidan rediyo. Kullum Sony MDR-7506 ce a kaina, wadda tun 1991 ake ƙera ta kuma har yau da wuya ka shiga situdiyo ba ka gan ta a rataye ba. A nan kunnena ya koyi tsegumi: numfashin mai karanta labarai, ƙarar kujera, takardar da aka juya a gaban makirfo. Amma tushen abin ya girmi rediyo. Mu mahauta ne, 'yan Funtuwa, kuma duk Bahaushe ya san kalangu kiɗanmu ne. Shi ya sa abin da na ɗauko don gwaji bai yi kama da na kowa ba a wurin taron. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙoƙi da na ɗauka da ƙaramar rakoda ranar bikin ƙanena, na ɗora ta a kan turmi a tsakar gida, tsohon makaɗin gidanmu yana kaɗa taken kakanmu. Allah ya yi wa makaɗin rasuwa bayan bikin da shekara biyu. Ba zan rubuta kirarin a nan ba, na cikin gida ne, kuma akwai zambo ga masunta a ciki wanda ba na so abokan wasa su samu a rubuce.

Ɗan yayata da ke karatu a Landan shi ya tarye ni a tashar Waterloo, bayan na sauka a Euston na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yana tsaye da 'yan fararen iyafis marasa waya a kunne. "Kawu, sannu da hanya. Wai da gaske har kuɗin shiga ake biya?" Na ce da gaske, kuma na biya maka, wuce mu tafi.

Taron sunansa CanJam, ana yin sa a birane da dama na duniya, na Landan kuwa a otal ɗin Park Plaza da ke gindin gadar Westminster, kana tsallaka kogin Thames sai agogon Big Ben da majalisar dokoki. Sunan ya samo asali ne daga yadda Turawa ke yi wa hedifon laƙabi da "cans", wato gwangwani, a bakin 'yan situdiyo. Muka karɓi abin ɗaurawa a hannu, muka sauka ƙasa zuwa babban zaure.

Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Tebura jere-jere, kowanne da kujeru a gabansa, a kan kowace kujera ƙato zaune ido rufe, yana gyaɗa kai shi kaɗai kamar mai jan carbi. Galibi maza ne, masu furfura sun fi yawa, sai samari 'yan asalin gabashin Asiya da ke yawo da ƙananan akwatuna cike da iyafis. Wanda ya gama sai ya tashi, mai tebur ya goge soson kunnen da tsumma mai jiƙe da sinadari, na baya ya zauna. Ba mai ɗaga murya, amma ɗaruruwan mutane suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki ɗaya, sai wurin ya ɗauki wani guri kamar na amya. Wannan gurin kuwa matsala ce, domin manyan hedifon masu tsada yawancinsu buɗaɗɗun baya ne. An bar bayan kofin da raga don iska ta wuce, sautin ya sake, ba ya kumbura a cikin kofi. Sennheiser ce ta fara fito da irin wannan a 1968 da HD 414. Amfaninsa a ɗaki shiru ba ya misaltuwa, amma a zaure sai ka ji kiɗanka haɗe da hirar maƙwabci.

Na fara da 'yar gidan su tawa, HD 800 S. Kofunanta manya ne har kunne ba ya taɓa komai a ciki, kuma abin da ke kaɗa sautin zobe ne mai faɗin milimita 56. Ina danna rakodin sai tsakar gidanmu ta buɗe. Janareton maƙwabta yana can hagu bayan katanga, inda yake a ranar. Guɗar gwaggona ta taso daga dama, wajen ƙofar madafa. Har akuyar da aka ɗaure a gindin darbejiya na ji ta, wadda shekara da shekaru ina sauraron rakodin nan ban san ta shiga ba. Sai dai kalangun ya ja baya. Ji na yi kamar na hau soron maƙwabta ina leƙen bikin gidanmu: komai ina gani, amma ba na cikin taron.

A nan ya kamata in faɗi abin da nake nema, don in ba haka ba mai karatu zai ɗauka tsada nake bi. Kalangu magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, makaɗi kuma yana matse tsirkiya a hammata tantanin ya ɗaure murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Kalmar ba a cikin bugun kaɗai take ba, tana cikin wannan zamewar da muryar ke yi bayan an buga, daga sama zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa sama. Hedifon da ta cika bes, wato kakkauran sautin ƙasa, sai ta haɗiye zamewar, ka ji dum-dum kawai kamar ana daka. Wadda kuma ta cika kaifi sai ta ba ka ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan fata, ta bar maganar a baya. Tambayata ga kowace guda ɗaya ce: shin ina jin sunan kakana ko ba na ji?

Teburin Audeze na nufa daga nan, 'yan Kalifoniya. Nasu ƙirar daban ce. Hedifon ta yau da kullum, irin tawa, ƙaramar lasifika ce: naɗin waya a cikin maganaɗisu yana tura tantani gaba da baya daga tsakiya. Su kuwa shimfiɗaɗɗen tantani ne siriri da aka zana wa hanyoyin lantarki a jiki, aka sa shi tsakanin layukan maganaɗisu, sai dukkan faɗinsa ya motsa lokaci guda. LCD-X na ɗauka. Maganaɗisu ƙarfe ne, nauyinta ya kai wajen giram 600, tawa kuwa 260 ce, wuyana ya san an canza masa kaya. Amma da uwar kalangun ta sauka ƙasa, can inda makaɗin ke sakin tsirkiya gaba ɗaya, na ji ta a ƙirji. Na zauna ya fi minti goma, har na baya ya fara gyaran murya.

Focal Utopia ta Faransa, wadda ake ƙerawa a Saint-Étienne da tantanin ƙarfen beriliyam tun 2016, ita ce ta jawo abin dariyar ranar, ko da yake ba a teburin masu ita ba ne, a na wani mai sayar da amfilifaya ne da ya ajiye ta don gwaji. Saurayin da ke kula da teburin ya ga ina murmushi ni kaɗai, ya tambaya ko zai iya jin abin da nake saurare. Na miƙa masa. Bai yi daƙiƙa ashirin ba fuskarsa ta canza. Ya cire, ya duba kofin dama, ya duba na hagu, ya girgiza ta a hankali kusa da kunnensa, ya cire waya ya mayar. Sannan ya ce mini in yi haƙuri, da alama wani abu ya kwance a ciki, yana jin zizar wani abu duk lokacin da aka buga gangar.

Dariya ta hana ni magana. Da ƙyar na yi masa bayani cewa kayansa lafiya lau suke. 'Yan tsakuwa ne a cikin kangon kalangun, da gangan ake zuba su, su ne ke wannan zizar. Ya tsaya yana kallona. Da gangan? Na ce da gangan. Na gaya masa garaya ma ana maƙala mata ceba, ɗan faifan ƙarfe mai zobba, don ta riƙa yin wannan ƙaraurawar, kuma makaɗin da aka cire wa ita zai ce an yi wa kayansa tsirara. Mutanen da ke zauren nan kaf sun kashe dukiya ne don su kori duk wata ziza daga sauti, injiniyoyinsu suna auna ta da kaso ɗaya cikin dubu suna alfahari, ga shi mu kuma kakanninmu sun duƙa sun tsinci tsakuwa sun zuba a ganga don kada sautin ya fito fes. Saurayin ya mayar da ita kansa, ya saurara har ƙarshe. Ya ce yanzu da ya san ba lalacewa ba ce, ta yi masa daɗi. Ni dai na lura hannunsa bai bar kan maɓallin rage murya ba.

Wani dattijo Bature da ke kujerar gefe ya ji duk abin da ya gudana. Tsohon malamin lissafi ne, ya ce daga Yorkshire ya zo, kuma a aljihun rigarsa akwai 'yar na'urar auna ƙarfin sauti da wani faifan kwali da ya huda a tsakiya. Kafin ya saurari kowace hedifon sai ya kifa kofinta a kan kwalin, ya zura na'urar, ya daidaita murya. Na tambaye shi dalilin wannan wahala. Ya ce kunne maƙaryaci ne: in ka gwada biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya ƙarfi ko da desibel ɗaya ne (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), wadda ta fi ƙarfi za ka rantse ta fi kyau. Ga shi kuma ainihin sautin da ka ji ba ya zama a ƙwaƙwalwa sai 'yan daƙiƙoƙi, kafin ka taka daga wannan tebur zuwa wancan abin da ya rage maka labarin sautin ne kawai. Na san wannan tun ina rediyo, amma ban taɓa ganin wanda ya mayar da shi ibada ba. Ya ara mini na'urar na koma kan Audeze da tawa, na daidaita su. Tazarar da na ji da farko ta ragu da kusan rabi. Ba ta ɓace ba, amma ta ragu, kuma raina ya ɗan sosu da hakan.

Akwai wani tebur da ba zan faɗi sunansa ba, ana sayar da wayar hedifon zalla, guda ɗaya sama da fam dubu. An kitsa ta kamar gashin amarya, azurfa da jan ƙarfe. Mai teburin ya canza mini sau uku yana kallon fuskata. Wallahi ban ji komai ba. Na ce masa tana da kyau a ido. Ɗan yayata ya raɗa mini, "Kawu, kuɗin hayata na wata guda ke nan fa, har da canji."

Azahar ta yi, muka fita. Muka sayi shinkafa da kaza a wani shagon halal a titin Lower Marsh, muka gangara lambun Archbishop's Park, muka yi salla a kan ciyawa, muka zauna ci. A nan yaron ya yi mini abin da ban yafe ba har yanzu. Ya buɗe wata manhaja a wayarsa mai fitar da siririn sauti, ya ce in ɗaga hannu in na daina ji. Littafi ya ce ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma wannan na yara ne, saman yana zaizayewa da shekaru. Ni na tsaya a wajen 13,000. Shi yana ta yamutsa fuska har 17,000, yana cewa in rage masa, ni kuwa ban jin komai sai kukan tattabaru. Shekara goma sha ɗaya da hedifon a kai, sau da yawa da ƙarfi fiye da kima don in kamo kuskure kafin ya fita iska, ga sakamakon. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, mu kuwa a lokacin wa ya taɓa aunawa? Ya ce, "To Kawu, in ka sayi ta fam dubu huɗu, ni zan riƙa ji maka saman." Na ce ya ci abincinsa.

Da muka koma na tarar abin da na fi ƙwallafa rai a kai ya wuce ni. Sennheiser HE 1 ana sauraronta ne a keɓaɓɓen ɗaki, sai ka rubuta suna tun da safe, kuma jinkirin jirgi ya sa takardar ta cika kafin in iso. Ita ce magajiyar Orpheus ta 1991 wadda guda 300 kacal aka ƙera. HE 1 ɗin ta fito a 2015 a kan Yuro 50,000, amfilifayarta a cikin dutsen marmara na Carrara take. Na dai samu na leƙa ta ƙofa lokacin da ake kunna ta: maɓallan suka turo kansu waje a hankali, kwalaben wuta takwas suka taso daga cikin dutsen, murfin gilashi ya ɗaga. Yaron ya ce kamar ana buɗe taskar Ƙaruna. Kallo muka yi muka wuce. HiFiMan Susvara ma na ɗan taɓa, mai Dala 6,000, wadda ba ta motsi sai an haɗa ta da amfilifaya mai girman akwatin lefe. Ta yi daɗi ƙwarai, amma lokacin kunnena ya gaji, ba zan yi mata shaidar da ba ta tabbata ba.

Shi kuwa yaron ya ɓace mini a layin 'yan iyafis, inda kamfanonin Sin suka cika. Can na same shi ya toshe kunne da Moondrop Chu, 'yar Dala 20 daga Chengdu, yana ta murmushi. Na karɓa na gwada da kalanguna. Gaskiya abin ya ba ni tsoro. Shekara goma da suka wuce ba za ka sami wannan tsabta a wannan kuɗi ba ko kusa. Wani ɓangare na dalilin shi ne binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, inda suka riƙa sa mutane saurare ba tare da sun ga abin da ke kansu ba, har suka fitar da ma'aunin yadda yawancin kunnuwa ke son a raba bes da tsakiya da sama. Da ma'aunin ya bazu, ƙananan masana'antu suka riƙa auna kayansu da shi. Sunan kakana ya fito a cikinta sarai. Tsakar gidan ce dai ta matse ta koma cikin ƙoƙon kaina.

La'asar ta kusa lokacin da na sami kujera a wani ƙaramin ɗaki a gefe, inda aka rufe ƙofa aka ajiye Stax. Kamfanin Japan ne tun 1938, kuma su suka fara fitar da hedifon mai aiki da tsayayyen lantarki a 1960. Babu maganaɗisu a ciki sam. Tantani ne da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an cika shi da caji na bolt 580, an rataye shi tsakanin faranti biyu masu huji-huji, su ke jan sa suna tura shi. Da yake kusan ba shi da nauyi, yana tashi nan take ya tsaya nan take. SR-X9000 ce a kan teburin. Ɗakin shiru, mu uku ne kawai, kowa da tasa.

Na danna. Bes ɗinta bai kai na Audeze cika ƙirji ba, wannan na lura da shi tun bugun farko. Amma zamewar muryar kalangun ta fito kamar ana zana ta da alƙalami, har ƙarar tsirkiya nake ji lokacin da ya matse ta. Sai a wajen minti biyu da daƙiƙa arba'in na ji wani abu a ƙarƙashin kiɗan. Na mayar baya. Na sake mayarwa. Murya ce. Tsohon yana faɗin kirarin da bakinsa, can ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, yana bin hannunsa, kamar mai tilawa shi kaɗai. Na saurari rakodin nan ya fi sau ɗari biyu, ban taɓa sanin muryarsa tana ciki ba. Na ɗauka duk abin da ya bar mana hannunsa ne.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Yaron ya dafa kafaɗata ya ce, "Kawu, lafiya?" Na ce lafiya, sanyin na'urar ɗakin ne ya shiga mini ido.

Kafin mu fita na zauna a kan wata kujera a baranda, na warware tawul, na haɗa tsohuwar HD 600 ɗina, ƙirar da ke kasuwa tun 1997, wadda na saya hannu na biyu. Na kai minti biyu da arba'in. Muryar tana nan. Ba ta fito fili kamar a Stax ba, tana lulluɓe da zizar tsakuwa da gurin janareto, amma tana nan, kuma yanzu da na san inda take ba na iya rashin jin ta. Na gwada a 'yar iyafis ɗin yaron, wadda na riga na biya masa, a nan ma na kamo gefenta.

Dattijon Yorkshire ya zo wucewa da jakarsa, ya ga tawa a hannuna, ya karɓa ya matsa soson kunnen da babban yatsa. Ya ce ya mutu murus, kuma soso in ya kwanta kunne yana matsowa kusa da tantani, sautin ya dushe. Shekara nawa ban canza ba? Na ce tun da na saye ta. Ya girgiza kai kamar na ce ban taɓa yi wa mota juyen mai ba.

Jirgin ƙarfe bakwai na yamma na kama daga Euston, wannan karon bai yi latti ba. Kafin mu wuce Stoke na riga na yi odar sabon soso a waya. Na isa gida goma ta wuce, uwargida ta dubi jakar ta ga ba ta ƙara nauyi ba, ta ce, "Me aka sayo?" Na ce soso, yana hanya. Ba ta ce komai ba, ta kawo tuwo. Da kowa ya kwanta na zauna a falo da fitila ɗaya, takarda da biro a gabana, ina rubuta abin da tsohon ke faɗa layi-layi. Duka na gane sai kalma ɗaya a layi na huɗu, wadda ba ta cikin kirarin da muka taso muna ji. Na sa mata alama, ranar Juma'a in na kira Funtuwa zan kunna wa Baffa ta waya ko shi zai gane ta.